WA YA CE BA SA GA MACIJI?

Ranar wata Laraba da daddare muna zaune a teburin mai shayi na bayan ɗakunan kwananmu, hira ta yi daɗi har ta kai mu ga maganar karatun gaba da digiri na farko. Sai na ambata cewa a Amurka akwai makarantun da ke ba da digirin dokta a ilmin halayyar ɗan Adam na duba marasa lafiya, a haɗe da ilmin tauhidin Kirista, watau ɗalibi ya yi su tare a ƙarƙashin rufi guda. Ban rufe baki ba sai wani abokina na sashen nazarin zamantakewa ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Haba Malam! Ai taura biyu ba ta taunuwa. Ko dai mutum ya zama fasto, ko ya zama masanin kimiyya. Wanda ya ce zai haɗa su ya ɓata goma, ɗaya ba ta gyaru ba." Wani kuma ya ƙara da cewa shi a aji ya ji an ce masanin halayya na ƙwarai yakan tuɓe addininsa a bakin ƙofa kamar takalmi kafin ya shiga wurin majiyyaci. Kowa ya gyaɗa kai. Mai shayi ya fara haɗa kofunansa, muka watse ban ce uffan ba.

To, abin da ban faɗa a daren nan ba shi na kawo wannan fili. Ba don na kare wata makaranta ta ƙasar waje na ɗauki alƙalami ba, don kuwa ba ni da gado ba ni da tsika a cikinsu. Abin da ya dame ni shi ne yadda mu ɗaliban jami'a muka iya yanke hukunci da dariya a kan abin da ba mu karanta ba, alhali kuwa maganar ta shafi mutumin da ciwo ya kwantar, wanda ba ya cikin masu dariyar.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Masanin halayya na asibiti daban, likitan ƙwaƙwalwa daban. Shi likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi, yana rubuta magani. Shi kuwa masanin halayya aikinsa auna tunani da hali da gwaje-gwajen da aka tsara, da gane irin ciwon, da yin jiyya ta hanyar zama da tattaunawa da horar da ɗabi'a. A 1949 aka yi wani babban taro a garin Boulder na jihar Kolorado, inda aka tsayar cewa mai wannan aiki sai ya kai digirin dokta, ya iya bincike, ya kuma iya duba mara lafiya. A 1973 aka sake zama a garin Vail aka amince da wani digirin doktan na biyu, wanda ya fi karkata ga aiki a kan bincike. Kowanne mutum ya bi, sai ya shafe shekara biyar ko shida ko fiye, ya karanta ƙididdiga da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ya rubuta kundi, ya yi shekara guda cur yana sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya ci jarrabawar lasisi kafin jiha ta bar shi ya taɓa kowa.

A cikin wannan tsari ne wata makarantar tauhidi mai suna Fuller, da ke garin Pasadena a Kalifoniya, ta jefa ƙafa. An kafa ta tun 1947 don horar da fastoci. A 1961 wani masanin halayya, John Finch, ya gabatar da jerin laccoci a can, waɗanda suka haifar da shawarar buɗe sashen ilmin halayya, aka kuwa buɗe shi a 1965. Ɗaliban da aka ɗauka sun yi duk abin da na lissafa a sama, aka kuma ɗora musu karatun tauhidi a kai: Littafi Mai Tsarki, tarihin majami'a, da aƙidun Kirista game da mutum da zunubi da gafara. A 1968 Clyde Narramore ya kafa makarantar Rosemead, ita ma a Kalifoniya, wadda ta koma ƙarƙashin Biola a 1977. Ita ce ta fara buga mujallar nan Journal of Psychology and Theology a 1973. A shekarun 1990 Wheaton da George Fox da Regent suka bi sahu.

Zargi na farko da abokina ya yi shi ne wai wannan ba kimiyya ba ce, wa'azi ne aka sa wa farar riga. To, a gaya mini, wa aka ɗauko ya shugabanci sashen na Fuller ranar da aka buɗe shi? Lee Edward Travis ne, mutumin da ya yi suna a Jami'ar Iowa wajen binciken i'ina, yana kuma cikin na farko-farko a Amurka da suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da na'ura. Wannan ne mai wa'azin? Daɗin daɗawa, a 1972 Ƙungiyar Masana Halayya ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da APA, ta amince da shirin, ya zama na farko a wata makarantar tauhidi da ya samu wannan amincewa. Ƙungiyar nan ba majami'a ba ce, mambobinta da dama ma ba ruwansu da addini. Ma'aunin da ta auna manyan jami'o'i da shi, da shi ta auna wannan. Jarrabawar lasisi kuma ba ta tambayar mutum ko ya yi baftisma. In har takardar waɗannan mutane ta bogi ce, to, ta sauran ma ta bogi ce, don ƙofa ɗaya suka bi suka fita. Mai son ya ƙaryata su sai ya fara da ƙaryata masu tantancewar, ya kuma kawo hujja.

Amma na san ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke ƙasan dariyar shi ne imanin cewa ilmin halayya ɗan ba-ruwanmu ne, bai taɓa ɗaukar ɓangare ba, sai da masu addini suka zo suka gurɓata shi. Wannan kuwa rashin sanin tarihi ne tsagwaronsa. A 1907 Sigmund Freud ya rubuta maƙala yana kwatanta ibada da maimaita ayyukan masu ciwon waswasi, har ya ɗauki addini a matsayin waswasin da ya game duniya. A 1927 ya fito da littafi sukutum yana cewa addini ruɗin kai ne da ya samo asali daga buƙatar yaro ga uba mai kāre shi. Ba gwaji ya yi ya gano haka ba, ra'ayinsa ne na falsafa ya sa wa rigar likita. Amininsa Oskar Pfister, fasto a birnin Zurich wanda shi ma ya ƙware a hanyar Freud ta jiyya, ya mayar masa da martani a rubuce a 1928, suka kuma ci gaba da abota. Su da suka yi rigimar ba su ɗauke ta abin dariya ba.

Bayan rabin ƙarni ba a daina ba. A 1980 Allen Bergin ya buga maƙala a ɗaya daga manyan mujallun fannin yana cewa babu jiyyar da ba ta ɗauke da ƙimomin mai yin ta, kuma ƙimomin akasarin masu jiyya sun sha bamban da na jama'ar da suke dubawa. Albert Ellis, ɗaya daga jiga-jigan hanyar gyaran tunani, ya mayar masa da cewa tsananin riƙo da addini yana tafiya tare da rashin lafiyar zuciya. Bayan shekara goma Bergin da Jensen suka yi ƙidaya, suka tarar kashi 72 cikin ɗari na jama'ar Amurka sun yarda cewa a kan addini suka gina rayuwarsu, amma a cikin masana halayya na asibiti kashi 33 ne kacal suka faɗi haka. Malam mai karatu, ka dubi wannan rata. Mace mai zuwa coci kowace Lahadi, ɗanta ya mutu, ta kasa barci, ta kasa ci, tana tambayar ko Allah ya yi fushi da ita ne. Aka kai ta gaban wanda aka koya masa cewa tambayar kanta alamar ciwo ce. Ina za su haɗu? Ko dai ta yi shiru a kan abin da ya fi ci mata rai, ko ta tashi ba ta sake dawowa ba. Ba Kirista kaɗai suka yi wannan kuka ba. Malik Badri, masanin halayya ɗan Sudan, ya yi irinsa a littafinsa na 1979 game da halin tsaka mai wuya da Musulmin wannan fanni suka shiga.

Ruwa ba ya tsami banza. Makarantun nan martani ne ga wani rami da fannin ya haƙa da hannunsa, kuma fannin da kansa ya zo ya amsa laifi. A 1976 APA ta buɗe reshe na musamman don nazarin addini. A 1992 ƙa'idojinta na aiki suka sa addini cikin bambance-bambancen da dole mai jiyya ya kula da su. A 1994 babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugu na huɗu, ya ware gurbi ga matsalar addini ko ta ruhi, a matsayin abin da za a iya duba mutum a kansa ba tare da an ce yana da taɓin hankali ba. Shi kansa Ellis sai da ya sassauta, har a 2001 ya haɗa hannu da wasu masana biyu masu addini suka rubuta littafi kan yadda za a yi wa mai ibada jiyya da hanyarsa. Mai gayya ya sauko daga kan dokinsa, 'yan kanzagi na teburin shayi suna nan suna sukuwa a kan kara.

Kada a ce surutu nake yi, bari in kawo misali guda na inda tauhidi ke zama kayan aiki. Akwai wani nau'in ciwon waswasi da ke kama mutum ta wajen ibada. A Linjilar Markus da ta Matiyu an ambaci saɓon Ruhu Mai Tsarki a matsayin zunubin da ba a gafartawa. Sai ka ga Kirista mai wannan ciwo wani mummunan tunani ya faɗo masa yana tsakiyar addu'a, ba da sonsa ba, ya tabbata ya aikata zunubin nan, ya hallaka. Sai ya sake addu'ar daga farko, sau goma, sau hamsin. Ya je wurin fasto ya tambaya, a kwantar masa da hankali, kafin ya kai gida shakka ta dawo. Ciwon tsoho ne. John Bunyan, marubucin Ingila, ya ba da labarin shekarun da ya yi cikin wannan azaba a littafin da ya buga a 1666, Ignatius na Loyola ma ya sha fama da irinsa, har ya rubuta wa mabiyansa ƙa'idojin rarrabe waswasi da zunubi na gaskiya.

Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ya samo asali ne daga aikin Victor Meyer a wani asibitin Landan a 1966. A hankali ake sa majiyyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da tunanin, a kuma hana shi yin abin da ya saba yi don ya samu sauƙi. Tsoro ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko da kansa, har zuciya ta koyi cewa ba abin da zai faru. To, yaya za ka ce wa mai tsoron wuta ta har abada kada ya maimaita addu'arsa, in ba ka san abin da addininsa ya ce game da tunanin da ya zo ba da niyya ba? Zai ɗauke ka shaiɗan ne da takardar digiri, kuma bai yi laifi ba. Wanda ya san tauhidin majiyyacin shi ne zai iya nuna masa, daga cikin koyarwar cocinsa, cewa malamansa da kansu sun bambanta abin da zuciya ta ƙudurta da abin da ya gifta mata. Shi ne zai san inda iyaka take, kada ya sa mutum ya furta abin da a wurinsa saɓo ne na gaske. Ta ɗaya gefen kuma, fasto mai kyakkyawar niyya da ke ta ba shi tabbaci kullum bai san yana ciyar da ciwon ba ne, don neman tabbacin ya riga ya zama wani ɓangare na waswasin. Wannan ilmin halayya ne ya gano shi. Ga taura biyun nan an tauna, haƙori kuwa bai karye ba.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, don in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Masu yi wa makarantun nan dariya daga jami'a suna da 'yan'uwa a cikin majami'a, ko da yake ba za su so a faɗa ba. A 1970 Jay Adams, malami a makarantar tauhidi ta Westminster a Filadelfiya, ya buga littafi yana cewa in aka cire cututtukan da ke da tushe a jiki, abin da ake kira ciwon tunani zunubi ne da gudun ɗaukar alhaki, kuma fasto da Littafi Mai Tsarki sun isa. Mabiyansa suka ɗauki Fuller da Rosemead a matsayin masu shigo da gumakan Freud cikin haikali. Ka ga ikon Allah: wancan ya ce addini ba ya da gurbi a asibiti, wannan ya ce asibiti ba ya da gurbi a addini, duk biyun sun yarda a raba majiyyaci gida biyu kowa ya ja rabinsa.

Abin da ke biyo bayan wannan ra'ayi ba wasa ba ne. A 1979 wani saurayi ɗan shekara 24 a Kalifoniya, wanda ya daɗe yana fama da ciwon baƙin ciki, yana kuma karɓar shawara daga fastocin wani babban coci, ya kashe kansa. Iyayensa suka kai cocin ƙara. Ban ce fastocin ne suka kashe shi ba, don ya ga likitoci ma kafin rasuwarsa, kotu kuma ba ta kama su da laifi ba. Abin lura shi ne dalilin hukuncin da Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1988: mai ba da shawara wanda ba ma'aikacin jiyya mai lasisi ba ne, doka ba ta ɗora masa nauyin hana irin wannan ko tura mutum ga ƙwararru ba. Wanda ya fito daga Fuller ko Rosemead da lasisi a hannu ba shi da wannan mafaka. An koya masa auna haɗarin kisan kai, in ya yi sakaci hukumar lasisi za ta tuhume shi, ta iya ƙwace takardarsa. Iyalin da ba za su taɓa yarda su kai ɗansu wurin wanda ke raina imaninsu ba, wa ya fi musu: mai addininsu da doka ke riƙe da wuyan rigarsa, ko mai addininsu da ba mai tambayarsa? Masu dariya su amsa.

Duk da haka ba zan shafa wa makarantun nan mai a baki in tashi ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai inda suke cika baki fiye da abin da bincike ya ba su. A 1992 Rebecca Propst da abokan aikinta suka gwada hanyar gyaran tunani iri biyu a wani bincike da ya ƙunshi Kirista 59 masu ciwon baƙin ciki, ɗaya an saka mata koyarwar addininsu, ɗaya ba a saka ba. Da aka gama, waɗanda aka yi wa mai addinin sun fi samun sauƙi. Amma ga abin mamaki: masu jiyyar da suka fi cin nasara da ita su ne waɗanda ba su da addini, aka dai koya musu yadda za su yi amfani da na majiyyacin. Da aka sake bibiyar mutanen daga baya kuma, bambancin ya dushe. A 2015 Harold Koenig na Jami'ar Duke da abokansa suka yi gwaji mafi girma a kan mutum 132, suka tarar hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, sai ɗan fifiko ga mai addinin a wurin waɗanda suka fi riƙo da ibada.

Me wannan ke nufi? Yana nufin imanin majiyyaci shi ne ke aiki, da kuma ƙwarewar mai jiyya wajen saninsa da girmama shi. Imanin mai jiyyar kansa ba a nuna cewa shi ne maganin ba. Wannan ya kashe bakin abokina, tunda saka addini bai rage wa jiyya komai ba, ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda da ba za su shigo ba. Amma ya kuma ɗaure makarantun da igiyarsu. Yawancinsu na Furotesta ne masu bin tafarkin bishara, malamansu kan sa hannu a takardar aƙida kafin a ɗauke su aiki, wasunsu har ɗalibai ma. Tsofaffin ƙa'idojin tantancewa na APA sun bar musu wannan dama a wani ɗan sharhi na ƙasan shafi, da sharaɗin su sanar da jama'a a fili, kuma da aka yi yunƙurin cire shi a 2001 bai yiwu ba. Ban ce ba su da haƙƙin zaɓen malamansu ba. Tambayata ita ce: malamin da abincinsa ke rataye da takardar aƙida, ranar da bincikensa ya fito da abin da ya saɓa wa takardar, wanne zai bi? Suna da amsa da suke maimaitawa, cewa duk gaskiya daga Allah take, don haka nassi da bincike ba za su yi karo ba, sai dai fahimtarmu ta ɗayansu ta kuskure. Magana ce mai daɗi. Sai dai ma'auninta shi ne a nuna mana sau nawa aka ce fahimtar nassin ce ta kuskure. In kullum binciken ne ke durƙusawa, to, zargin abokina ya samu ƙafar tsayawa.

Akwai kuma majiyyacin da ba nasu ba. Wanda ya karɓi lasisi bai karɓa don 'yan cocinsa kaɗai ba. Gobe zai yi aiki a asibitin tsofaffin sojoji ko gidan yari ko makarantar gwamnati, a kawo masa ɗan Katolika, Bayahude, Musulmi, ko wanda ya bar addini saboda abin da aka yi masa a cikinsa. Mutumin da ciwo ya karya, ya zo ya buɗe cikinsa, ba shi da ƙarfin musu. Wanda ya yi amfani da wannan dama ya cusa masa aƙida ya ci amana, daidai da wanda ya yi amfani da ita ya zare masa tasa. Ƙa'idojin aiki sun hana duka biyun, makarantun ma suna koyar da haka. Amma zurfin sanin tauhidi guda ɗaya ba ya ba mutum sanin na wasu, yana ma iya sa shi ya riƙa jin kowa da kunnen cocinsa. Anton Boisen, faston da ya kwanta a asibitin masu taɓin hankali a 1920, ya fito ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin Worcester a 1925, abin da ya nace a kai shi ne su koyi karanta mutumin da ke gabansu kamar yadda suke karanta littafi. Wannan darasi yana kan ɗaliban Pasadena kamar yadda yake kan na kowace jami'a.

Ga inda na tsaya, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. Horar da masanin halayya tare da tauhidi halas ne a ilmance, ya kuma toshe wata ɓaraka ta gaske, muddin ba a rage masa ko ƙwayar zarra ta kimiyyar ba, muddin kuma tauhidin ya zauna a matsayin abin fahimtar majiyyaci, bai hau kujerar alƙalin bincike ba. Sauran jami'o'in da ba na addini ba kuwa, maimakon dariya, kunya ya kamata su ji, tunda gwajin Propst ya nuna ko wanda ba ya ibada zai iya koyon wannan aiki, ba su da uzurin yaye dokta da bai san komai ba game da abin da akasarin majiyyatansa suka gina rayuwarsu a kai. Maganar tuɓe addini a bakin ƙofa kuma a daina yaudarar ɗalibai da ita. Ko mai jiyya ya tuɓe nasa, majiyyaci da nasa zai shigo, kuma shi aka zo dubawa.

Malamanmu na sashen ilmin halayya, Allah ya ƙara muku sani, ina roƙon ku da ladabi ku duba jerin darussanku ku gaya mana awa nawa aka ware wa wannan batu daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe. Kai kuma abokina, na san za ka karanta, ka kuma gane kanka. Filin nan a buɗe yake, edita ba ya hana kowa takarda. Ka kawo sunan bincike guda da shekararsa wanda ya nuna ɗaliban makarantun nan sun gaza takwarorinsu wajen duba mara lafiya, ni kuwa in janye maganata a fitowa ta gaba, in kuma biya kuɗin shayin ranar da burodi.